Fostar jirgin sama irin ta da: salon Klein ko na Boucher?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya tambaya: yana son zana fostar filin jirgin Kano kamar a shekarun 1950 aka buga ta, to salon fostocin TWA, tsohon kamfanin jiragen sama na Amurka, zai bi ko na Air France? Malam, ga yadda nake ganinsu.

A ɓangaren TWA, gwanin shi ne David Klein, Ba'amurke. Dubi fostarsa ta New York ta 1956. Dandalin Times Square ya zana, amma ba mutum ko ɗaya a ciki, sai falle-fallen launi masu kusurwa huɗu, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, an jera su kamar fitilun talla da dare. Jirgin kuwa ɗan mitsitsi ne can sama. Garin ake tallata maka, jirgin ɗan rakiya ne. Ko daga tsallaken titi ka hango ta, ka gane.

Lucien Boucher na Air France taswirar duniya yake shimfiɗawa, ya ja layukan hanyoyin jirgi daga Faris, ya cika ko'ina da dabbobi da gine-gine da mutane ƙanana. Sai ka matso, ka tsaya, kana bi da yatsa. Akwai kyau ƙwarai, amma aiki ne mai cin lokaci, kuma a fuskar waya duk ƙananan zanen nan cakuɗewa suke yi. Ga wani abin kuma: Afirkar da ke irin waɗannan taswirori da idon zamanin mulkin mallaka aka kalle ta, namun daji sun fi birane yawa. In ka kwaikwaya ido rufe, har wannan za ka kwaso.

Ni dai Klein zan ce ka bi. Kano ta dace da shi: zankwayen soro, shuɗin baban marinar Ƙofar Mata, jan ƙasar badala. Launi huɗu ko biyar sun isa, kowanne a shimfiɗe, ba inuwa ba ƙyalli. Farin ma kada ya zama fari tas, sa shi ya ɗan yi ruwan madara kamar takardar da ta kwana biyu.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne jirgin kansa. In ka rubuta 1955, kada ka zana Boeing 707, don sai a Oktoban 1958 kamfanin Pan Am na Amurka ya fara jigilar fasinja da shi. Sa mai farfela huɗu, kamar Constellation, wanda ake ganewa da jelarsa mai reshe uku. Haka sunan kamfani: Nigeria Airways a 1958 ta samu, kafin nan WAAC ce, wato kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma, ita kuwa BOAC ta Birtaniya tana ya da zango a Kano a lokacin. Ka fara tsayar da shekarar, sannan ka zaɓi jirgin da zai hau fostar.