Ƙararrawar tsaron gida: kafin ka saya, wa zai fito in ta yi kuka?

Bara da damina ɓarayi suka haura gidan yayana a wata sabuwar unguwa da ke bayan garin Kano, irin unguwannin nan da gida ɗaya ke tsakanin kango biyu. Sun kwance batiran sola, sun ɗauke injin ruwa da babur, suka buɗe ƙofa daga ciki suka fita. Abin da ya fi ci masa rai shi ne gidan yana da ƙararrawa. Da safe na same shi tsaye a falo yana kallon ɗan farin akwatin da ke manne a bango, na ce, "Yaya, ba ta yi ƙara ba ne?" Ya ce, "Ko tari ba ta yi ba." Da muka bincika, ashe na'urar da intanet ɗin gida take aiki, tun magariba kuma aka ɗauke wuta, batirin cikinta ya daɗe da mutuwa ba wanda ya sani.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni ko ya sa ƙararrawa a gida, ba na saurin ce masa e ko a'a. Tambayarsa nake yi: wa kake tsoro, kuma in ta yi kuka da ƙarfe biyun dare wa zai fito? Ƙararrawa ba ta kama ɓarawo. Aikinta kira ne, ta tashe ka, ta tashi maƙwabta, ta sa ɓarawo ya san lokacinsa ya ƙare. Ɓarawon unguwa mai neman waya da talabijin da tukunyar gas, wannan da ya ji jiniya zai ari ta kare. 'Yan fashi masu bindiga ko masu garkuwa da mutane kuwa lissafinsu dabam ne, kuma duk mai sayar da kaya da ya ce maka na'urarsa za ta tare su, kuɗinka yake so. A irin wannan hali abin da ke da amfani shi ne maɓallin neman agaji na ɓoye, wanda zai aika saƙo ga mutanen da ka zaɓa ba tare da ya yi ƙara a cikin gida ba.

Ita kanta ƙararrawar, ko wace iri ce, abu uku ne: uwar na'ura, da 'yan saƙonta da ake maƙalawa a ƙofofi da kusurwoyi, da jiniya. A wajen 'yan saƙon nan mutanenmu suka fi yin asara, don yawancin kayan an ƙera su ne domin gidan da ake kullewa da safe kowa ya tafi aiki. Gidan Bahaushe ba ya zama wayam. Akwai tsohuwa a ɗaki, akwai yara a tsakar gida, akwai almajirin da ke wanke-wanke, da bazara ana shimfiɗa a waje, da asuba maigida ya fita masallaci. In ka cika irin wannan gida da na'urar jin motsi, kwana uku za a yi a gaji da ita a kashe.

Na'urar jin motsi ɗumin jiki take gani, wato bambancin zafin jikin mutum da na abin da ke bayansa. Shi ya sa kyanwa ke tayar da ita, da ragon da aka ɗaure don layya, har da labulen da rana ta gasa iska ta kaɗa shi. Ga kuma matsalar da mai shago ba zai faɗa maka ba: a watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ɗaki mai rufin kwano zafinsa kan kusanci digiri 37 na jikin mutum, sai ganin na'urar ya ragu. Masu kyau suna daidaita kansu da zafi, akwai kuma masu ido biyu, waɗanda sai sun ga ɗumi da motsi tare suke kuka. Irin waɗannan za ka nema, ka kuma sa su inda ba a kwana: sito, gareji, ɗakin batira, shagon da ke jikin gida.

Ni dai na fi yarda da ɗan maganaɗisun ƙofa. Guntaye biyu ne, ɗaya a jikin ƙyaure ɗaya a jikin dogari, da an raba su ƙararrawa ta tashi. Ba ruwansa da kyanwa ko ƙurar hunturu, ya fi komai araha, kuma yana ba ka damar kunna tsaro alhali kuna cikin gida kuna kai da kawo. Rauninsa shi ne wanda bai biyo ta ƙofa ba. Ɓarayi da yawa kwano suke yayewa su diro ta silin, don haka in ɗakin kayanka rufin kwano ne, na'urar jin motsi guda ɗaya a ciki ta zama dole. Wanda ke da fili tsakanin katanga da gini zai iya ƙarawa da idon katanga, wato na'urori biyu masu kallon juna da wani haske da ido ba ya gani, duk wanda ya gitta tsakaninsu ya tona kansa. Sai dai da hunturu sai ana goge musu fuska, kuma a nemi masu layin haske biyu ko fiye, in ba haka ba tsuntsu da ƙadangare za su hana ka barci.

Mai waya, wato kebul, ko marar waya? In gini kake yi yanzu, ba a yi filasta ba, sa mai waya. Ba ka da ɗawainiyar canza ƙananan batira, kuma ba a toshe mata sigina. In gidan haya kake, marar waya ita ce taka, ranar tashi ka kwance abinka ka tafi. Amma marasa wayar ma suna suka tara. Masu arhar nan da ke zuwa a kwali da rimot biyu, yawancinsu a kan zangon rediyo na 433 MHz suke magana, wasunsu da lamba ɗaya tak wadda ba ta canzawa, kuma uwar ba ta sanin ɗanta ya mutu, sai ranar da aka buɗe ƙofa shiru. Manyan kamfanoni irin su Ajax da Paradox da Hikvision suna da nau'in da uwar ke tuntuɓar 'ya'yanta a kai a kai, ta sanar da kai in batir ya yi rauni ko an taɓa murfi. Ka ce wa mai shago ya cire batirin ɗaya a gabanka, ku jira ku gani ko saƙo zai shigo wayarka. Wannan gwajin ya fi duk abin da aka rubuta a jikin kwali.

Yanzu ga inda ƙararrawar yayana ta faɗi: wuta da sabis. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda a cikin duhu bayan manyan layukan wuta sun samu matsala. Ko ba wannan ba, kowa ya san halin wutarmu. Batirin da ke cikin akwatin ƙararrawa mai waya galibi mai bolt 12 ne, an yi shi ya riƙe ta na wasu awoyi, ba kwanaki ba, kuma zafi yana cin ransa, da wuya ya wuce shekara 2 zuwa 3. Saboda haka ka jona ta a kan sola ko inbata, amma kada ka bar ta ta dogara da su kaɗai, tunda batiran solar ne ɓarawon ya zo ɗauka. Jiniyar waje ma ta kasance da nata batirin, a ɗaga ta sama inda hannu ba ya kai, yadda ko an yanke mata waya za ta ci gaba da ihu.

Wadda ke aiki da intanet ɗin gida kaɗai, ban ba ka shawarar ta ba, ko da kyauta ce. Nemi mai ɗaukar layin waya, wadda ke kira da aika saƙon tes, in da hali mai layi biyu na kamfanoni dabam-dabam. Layin nan kuma amana ne a wuyanka: a yi masa rajista da lambar NIN ɗinka kai maigida, ba ta yaron shago ba, a riƙa sa masa kati, don layin da aka bari wata da watanni ba a mora ba kamfani na rufe shi. Kada kuma a manta a watan Satumban 2021 gwamnati ta rufe sabis baki ɗaya a Zamfara, daga baya da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A irin wannan rana babu saƙon da zai fita, jiniya da kunnen maƙwabci ne kawai suka rage.

To, da me za a gwada ta? Mutane da yawa suna tsallake ƙararrawa su sayi kyamara, don tana da daɗin nunawa a waya. Kyamara shaida ce, da safe take amfani, kuma sau tari abin da za ka gani mutum ne da rawani ko hular sanyi ya rufe fuska. In kuɗin abu ɗaya gare ka, wanda zai tashe ka ya fi wanda zai ba ka labari. In ka sa duka biyun, ɓoye akwatin da ke naɗar hoton, don shi suke fara ɗauka.

Wayar lantarki ta kan katanga ta fi tsada, amma ita ce ke tare mutum tun bai shigo ba. Tana bugawa da dubban bolt kusan sau ɗaya a daƙiƙa, bugu mai gigitarwa wanda ba a yi shi don kisa ba, kuma in an yanke ta ko an haɗe wayoyin tana tayar da jiniya. Wannan sai da injinta na ainihi, irin su Nemtek na Afirka ta Kudu. Jona wutar gida kai tsaye a jikin waya kuwa kisan kai ne, kuma yaron maƙwabci mai bin ƙwallo ko tattabara shi zai fara taɓawa. Ƙarfin wayar katangar yana ga ƙarfen da aka binne a ƙasa, da rani in ƙasa ta bushe bugun kan ragu, reshen darbejiya in ya kwanta a kai kuma ta dinga kukan banza.

Maigadi yana da abin da babu na'urar da ke da shi: ya san fuskar mutanen layi, ya san baƙo. Amma mutum ne, barci na ɗaukarsa, kuma albashi ne na wata goma sha biyu duk shekara, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun 2024. In ta hannun kamfani za ka ɗauka, tambayi lasisinsu, hukumar NSCDC, wato Sibil Difens, ce ke ba kamfanonin gadi izini. In kai tsaye ne, a san asalinsa da wanda ya tsaya masa a gaban mai unguwa. Maigadi da maɓallin jiniya a ɗakinsa ya fi maigadi da gora nesa ba kusa ba. Kare kuma ba ya jiran wuta ko sabis, kuma malamai da yawa sun halatta ajiye shi don gadi, sai dai yana son abinci da allurar ciwon haukan kare, ɓarayi kuma sun iya jefa masa nama mai guba.

Akwai abu guda da nake roƙon kowa ya haɗa da shi, ko da bai sayi sauran ba: na'urar jin hayaƙi. Mun kewaye kanmu da ƙarfen taga da ƙofofin ƙarfe masu sakata uku, abin da ke hana ɓarawo shiga shi ke hana iyali fita ranar gobara. Duk hunturu sai mun ji gidan da hita ko garwashin jin ɗumi ko dawowar wuta da ƙarfi ya cinye mutane suna barci. Na'urar da ɗan batir take aiki, kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba. A sa ta a hanyar ɗakunan kwana, a kuma bar taga ɗaya mai ƙarfen da ke buɗuwa daga ciki, mukullinta a inda kowa ya sani.

Wajen saye, kada ka tsaya a kan kuɗin kwali. Tambayi kuɗin aiki, da na batira, da wanda zai zo in ta lalace, da garanti a rubuce. Mai haɗa maka ita zai shiga har ƙuryar ɗaki ya ga inda komai yake, don haka a samo shi ta hannun wanda ka yarda da shi. Yana gamawa ka canza lambar sirri, manhajar wayar kuma a buɗe ta da sunanka.

Da yayana ya tashi sake sa wata, bai fara da kasuwa ba. Bayan sallar isha'i ya tsayar da mutanen layinsu a ƙofar masallaci, su bakwai, da shugaban 'yan sintirin unguwa. Ya ce musu, "Jama'a, zan sa jiniya. In kun ji ta, ba na so kowa ya fito shi kaɗai, ku kunna fitilun waje, ku busa usur, ku kira 'yan sintiri da ofishin 'yan sanda." Wani dattijo ya ce, "Alhaji, mun yarda, amma da sharaɗi: kada ta dinga tashinmu a kan kyanwa." Aka sa lambobin mutum huɗu a cikin na'urar, aka rubuta lambar gaggawa ta 112 da lambar ofishin 'yan sandan yankin a jikin ƙofar kowane gida daga ciki. Ya sa maganaɗisu a ƙofofi biyar, na'urar jin motsi ɗaya a ɗakin batira, jiniya a can saman tankin ruwa. Ranar Asabar ɗin farko ta kowane wata, bayan la'asar, yakan sanar da maƙwabta, ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya da waya a hannu yana jiran ta yi ƙara.