Ƙaramin obin na lantarki da aikin Sallah a gidana

Ana saura kwanaki ƙaramar Sallah na sayi obin na lantarki mai lita 45 a wani shago a Terminus, nan cikin Jos, irin wanda ake ɗorawa a kan tebur. Yara ne suka sa. Sun kai shekarun son sa hannu a girki, ni kuwa ba zan bar su kusa da kaskon cin-cin ba, balle tukunyar yashi a kan gawayi da muka saba gasa kek da ita.

Ta wannan ɓangaren ya biya ni. Babbar 'yata ke auna fulawa da sikari, ƙaninta ya fasa ƙwai, auta kuma aikinta shafa bota a gwangwani da lashe cokali. Ƙofar gilashi ce, akwai fitila a ciki, sai su jeru suna kallon kek yana tasowa. "Umma, nawa ya fi na Yaya kumbura!" Haka na yi ta sha har aka sauke. Amma uwargida ki kula, gilashin da saman obin ɗin suna ɗaukar zafi sosai. Na hana kowa taɓawa, ni kaɗai ke sawa da cirewa.

Akwai abin da ya kamata 'yan Jos su sani kafin su zagi obin. Garin nan yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iskarsa ba ta da nauyi, har ruwa ma a wajen digiri 96 yake tafasa. Shi ya sa kwaɓin da ya yi wa 'yar uwarki kyau a Legas, ke sai ya taso da wuri ya lotsa a tsakiya. Ni ina rage kashi ɗaya cikin huɗu na bekin foda, in ƙara madara cokali biyu, in sa wuta a 190 maimakon 180 da aka saba rubutawa. Da sanyin nan namu kuma bota kan daskare, gara ki fito da ita tun da wuri ta yi laushi kafin yara su fara bugawa.

Inda obin ɗin ya gaza shi ne rabon zafi. Bayansa ya fi gabansa wuta, idan ba ki juya tire ba a tsakiyar gashi, layin baya zai yi duhu na gaba bai gama nuna ba. Ƙarfen juya kaza da aka haɗo da shi kwalliya ce kawai, da kaza ta yi nauyi sai ya dinga cijewa. Na cire shi, na datsa kazar, na shafe ta da citta, tafarnuwa da yaji, na kewaye ta da dankalin Bokkos da karas ɗin Farin Gada. Ta gasu har ƙashi, maigidan ma da ba ya yabon girki sai da ya tanka. Cinyar rago dai kada ki sa rai, ba wurinta. Masa da miyar taushe kuwa suna nan a kan murhunsu, baƙin Sallah ba kek ke kawo su ba.

Sai batun wuta. Wat 2,000 aka rubuta a jikinsa, wato awa ɗaya na iya cin yunit biyu a mita, kuma ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba. Idan aka ɗauke wuta kek na ciki, ya tashi aiki. Saboda haka muke kammala awo mu jira, da an kawo mu kwaɓa.

Tire ɗaya tal ya zo da shi, mara kauri. Idan za ki ƙaro, ki auna faɗin cikin obin ɗin kafin ki tafi kasuwa, don yawancin na shaguna girman babban obin aka yi su, ƙofa ba za ta rufu ba.