Gargaɗi kan "man ganye" mai warkar da kowace cutar fata cikin kwana uku

Jama'a, akwai wani mai sayar da man shafawa a intanet da ke cewa nasa ganye ne zalla, babu sinadari ko ɗigo, wai yana maganin makero, ƙyasbi, ƙazuwa da ƙurajen fuska duk a kwalba ɗaya. Ƙarya yake yi. Clobetasol, wani maganin shafawa na asibiti mai ƙarfi, yake matsewa a ciki. A ƙasan kwalin da ya aiko da kwalba ta uku aka tsinci bututun da ya manta, an matse shi tas an naɗe bakinsa, rubutun na nan ɓaro-ɓaro: clobetasol propionate 0.05%, giram 30. Hoton bututun da na hirarsa da masu saye suna hannuna, zan ɗora su idan na gama rufe sunayen mutane.

Kwalba uku. Kwalba uku aka shafe a fuska da wuya cikin mako takwas, safe da dare. Clobetasol yana cikin mafi ƙarfin sitiroyid na shafawa, wato magungunan da ke danne kumburi da ƙaiƙayi. Likita ma idan ya rubuta shi, mako biyu ne zuwa huɗu a bisa al'ada, kada a wuce giram 50 a mako, kuma ba a kai shi fuska, hammata ko matsematsi, saboda fatar nan siririya ce, tana zuƙe shi da yawa. Mai sayarwar kuwa cewa ya yi a lafta, "ai ganye ba ya illa".

Wannan kalmar ce ke ta dawo mini. "Ganye ba ya illa." Ga bidiyo yana daka ganye a gaban kyamara, ga hotunan kafin da bayan shafawa, ga rantsuwa. Na kalli kwalbar nan ba lambar rajista, ba jerin abin da ke ciki, ba ranar lalacewa, na kuma yi shiru. Abin kunya ne ga wanda ya san magani, na yarda. Amma kada wani ya ce wawaye kaɗai ake kamawa, domin man yana aiki da gaske a farkon. Sitiroyid yana kashe kumburi da ƙaiƙayi cikin kwana biyu zuwa uku, yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, fata ta yi haske ta yi sumul. Wa zai ga haka ya yi zargi?

Tarkon ke nan. Makero naman gwari ne ke kawo shi, sitiroyid kuma ba ya kashe naman gwari, garkuwar fatar yake dannewa. Sai zoben nan mai kaifin baki ya dushe, cutar ta bazu a ɓoye, ta canja kama har likita ya sha wuyar gane ta. Haka ƙazuwa: susa ta lafa, ƙwarin na ci gaba da haƙa suna ƙwai, ana rarraba wa mutanen gida. Daga nan fata ta fara sirancewa, jijiyoyi su bayyana, nanƙarwa mai faɗi ta fito, ita kuwa ba ta komawa. Ƙananan ƙuraje iri ɗaya su cika goshi da gefen baki. Idan ana shafawa kusa da ido, hawan ruwan ido da yanar ido na iya biyo baya. A jikin jariri abin ya fi muni, musamman ƙarƙashin nafkin inda aka rufe wurin, maganin na shiga jini ya danne aikin ƙullin da ke saman ƙoda.

Af, tun kafin kwalba ta uku ma, lokacin da ta farko ta ƙare, kwana huɗu kawai aka yi ba a shafa ba fuska ta ɗauki zafi kamar wuta, tana ɓarewa. Aka tambayi mai sayarwar. Ya ce dauɗa ce ke fita, a ƙara sayen biyu a haɗa. Dauɗa! Fata ce ta saba da sitiroyid aka yanke mata shi kwatsam, ya kuma san haka sarai, da shi yake riƙe ciniki. Aka biya kuɗin kwalba biyu a kan ta farko, uku ke nan. Da aka tura masa hoton bututun, ko awa ɗaya ba a yi ba ya toshe lambar.

Abin da ya fi ƙona mini rai, maganin gaskiyar ba wuya ne da shi ba. Makeron jiki, man shafawa na clotrimazole 1% sau biyu a rana na mako biyu zuwa huɗu, a ci gaba ko bayan ya ɓace da ido. Na kai kuwa sai an haɗa da na sha. Ƙazuwa, man shafawa na permethrin 5% daga wuya har tafin ƙafa, ya kwana a jiki awa 8 zuwa 12, a maimaita bayan kwana bakwai, duk gidan lokaci guda.

Mai wannan man a gida kada ya shafa wa yaro. Wanda ya daɗe yana shafawa kada ya tsaya kwatsam da kansa, ya ɗauki kwalbar ya kai wa likitan fata, ya faɗi tsawon makonnin da ya yi ba ragi.