Kwas ɗin koyon harbin fistol: malamin ya yi, alƙalin fili ne ya ɓata komai

Tunda na gama kwas ɗin nan na masu fara koyon harbi da fistol ake ta tambayata ko ya ci kuɗin da suke karɓa. Abin da suke caja dai ba kaɗan ba ne, kuma kuɗin harsashi daban yake.

Malamin da ya ɗauke mu darussan farko, wallahi ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Dattijo ne mai sanyin murya, ba ya yi wa kowa tsawa. Kafin wani ya taɓa harsashi sai da ya sa muka haddace ƙa'idoji huɗun nan da ake jingina wa Jeff Cooper, wani masanin harbi Ba'amurke: kowace bindiga ka ɗauka da harsashi a cikinta, kada ka juya bakinta ga abin da ba ka shirya lalatawa ba, yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ka daidaita saiti, sannan ka san abin da za ka harba da abin da ke bayansa. Wasu har sun fara guna-guni, wai harbi suka biya ba hadda ba. Ko kallonsu bai yi ba. Muka daɗe muna ɗana kunama da bindiga babu komai a ciki, sannan ya ba mu mai harsashin .22 wadda ba ta zabura sosai a hannu, daga baya ya miƙo Glock 17 mai cin 9mm.

A nan ya burge ni. Harsasaina duk ƙasa suke sauka ta gefen hagu, na ce masa Malam, anya saitin bindigar nan daidai yake? Ya karɓi magazin, wato gidan harsashin, ya juya baya ya loda min da kansa. Ashe ya cusa harsashin roba da ba ya tashi a tsakiyar na gaske. Da na zo kansa na ja kunama, ba ƙara, amma da idona na ga bakin bindigar ya yi ƙasa. Ya ce, "Ka gani? Hannunka ne ke gudun ƙarar tun kafin ta fito." Ya ce kusan duk mai harbi da hannun dama haka yake farawa, kuma maganinsa yawan ɗana kunama ba harsashi. Da a nan kwas ɗin ya tsaya, da tauraro biyar zan ba su ba tare da na yi tunani ba.

Sai ranar ƙarshe, ranar ƙaramar gasa da suke ta talla da ita, wadda suka ce a kan dokokin IPSC ake gudanarwa, wato ƙungiyar gasar harbi ta duniya da aka kafa a Amurka a 1976. Dattijon ba ya nan, wani matashi ne alƙalin fili. Bayaninsa na safe ya yi kyau: tsakiyar kwalin da ake harbi maki 5 ne, kuskure a cire maka 10, sannan a raba makinka da daƙiƙoƙin da ka ɗauka, shi ya sa gaggawa kaɗai ba ta ci, tsayawa saiti kaɗai ma ba ya ci. Ya kuma maimaita mana har muka gaji cewa bakin bindiga ba ya wuce digiri 180, wato ba ya taɓa leƙowa baya inda mutane ke tsaye. Wanda ya karya wannan an kore shi daga gasar gaba ɗaya, ko shi wane ne. Da bakinsa ya ce ko shi wane ne.

Kuma mun ga ya aikata. Wani yaro ɗan ajinmu ya bar yatsa a wurin kunama yana canja magazin, nan take aka tsayar da shi, aka sa ya sauke harsashi, aka ce ya gama na yau. Idonsa ya yi ja, amma bai ce uffan ba, ya tsaya yana taya mu liƙe ramukan kwali har yamma. Hukuncin daidai ne, haka dokar take.

To sai ga wani babban kwastomansu, da ganin yadda ma'aikata ke rawar jiki a kansa ka san na gida ne. Ga bel na musamman, ga bindigarsa CZ Shadow 2 tana ƙyalli. Na'urar lokaci ta yi ƙara, ya harbe kwalin farko, ya ruga hagu yana canja magazin a guje, sai bakin bindigar ya biyo shi ya zagayo. Ramin bakin na gani sosai yana kallonmu, kuma akwai harsashi a ciki, don cire magazin ba ya fitar da wanda ya riga ya hau. Matar da ke kusa da ni durƙushewa ta yi tana salati. Ina jiran in ji an ce tsaya, shiru. Mutumin ya ƙarasa harbinsa, aka rubuta masa maki, har da masu tafi.

Na je na sami alƙalin a gefe na ce, Yallaɓai, ba ka ga abin da ya faru ba? Ya ce ya gani, amma ai bai kai ba, kuma shi tsohon hannu ne, ya san abin da yake yi. Na ce to shi harsashin ya san tsohon hannu? Yaron da ka kora fa, bakin tasa bindigar kwali yake kallo. Ya yi murmushi ya ce in bari sai na daɗe a harkar zan gane. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, an mai da ni baƙon da bai san komai ba, alhali dokar da suka karɓi kuɗina suka koya min nake karanto masa. Na rubuta wa shugabannin wurin, suka amsa da godiya da alkawarin dubawa. Har yau.

Tunda raina ya ɓaci sai sauran abubuwan da na yi ta kawar da kai a kansu suka dawo min. Abin toshe kunnen da suke bayarwa haya soson jikinsa ya tsage, alhali ƙarar fistol tana kaiwa wajen desibel 160 a ma'aunin ƙara, kuma abin da ya haura 140 yana iya lalata ji a take. Sai da kunnena ya kwana yana kuka kafin na sayi nawa. Kuben haya ya saki, bindiga na rawa a ciki. Sun ce a wanke hannu bayan harbi saboda dalmar harsashi, ka je famfon ba sabulu. Ga mai kantinsu da ke bin ka kamar ƙuda, wai sai ka sayi bindigar gasa tun ba ka iya riƙe ta haya ba.

In za ka je, tambayi ko dattijon ne zai ɗauki ajin, in ba shi ba ne ka jira. Ka tafi da abin kunnenka da tabaranka. Gasar kuwa ni dai na bar musu, na yi rajista da wani kulob, kuma kafin in biya sai da na je na tsaya kallo na ga sun kori ɗaya daga cikin manyansu. Tauraro biyu na ba su, duka biyun na Malam ne.