Gudu a Cape Coast zuwa Elmina, ƙasar Ghana: rairayin bakin teku ko kwalta?

Tun da na fara sa hotunan gudun safe mutane ke ta tambayata wai wanne ya fi, a bi rairayi ko a bi titi. To ga abin da na gani da ƙafata.

Titin dai kusan kilomita 12 ne, kwalta shimfiɗaɗɗiya, ga itatuwan kwakwa jere gefe ɗaya teku na ta ruri, in ka kusa Elmina sai ka hango tsohon ginin nan da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Amma fa sai da takalmi mai kyau, kuɗi ke nan, kuma tasi da trotro (ƙananan bas na haya) ba sa ɗaga wa kowa ƙafa, dole ka fita bayan asuba ka riƙa fuskantar motocin da ke zuwa.

Rairayi kuwa ko ƙafa ba takalmi ka tafi, gwiwa na hutawa amma ƙwauri da idon sawu ne ke shan wahala, minti 20 kawai ka ji kamar ka yi awa guda. Ka jira ruwa ya ja baya ka bi wurin da ya jiƙe ya yi tauri. Hattara da fasassun kwalba da igiyoyin masunta masu jan koma, ranar Talata ne ba sa fita su, ranar wurin ya fi sarari wallahi.

Mai shirin gasa da ke auna lokacinsa ya riƙe kwalta. Mai ciwon gwiwa ko mai neman iska da natsuwa, rairayi ya fi masa.