Sharhi: Kwalekwalen roba da kayak a Kogin Nilu, daga bakin Bakatsine

Kamfanin da na bi a garin Jinja na ƙasar Yuganda ya ci halal ɗinsa a ranar da ya sa mu cikin kwalekwalen roba muka gangara Kogin Nilu. A ranar koyon tuƙin kayak kuwa, wato ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya, abin da ya ba ni bai kai abin da ya karɓa ba. Zan faɗi dalilin kowanne, domin tun da na dawo Katsina abokan aiki ke tsare ni da tambaya: yaya ake shirya tafiyar, kuma wanda iyonsa bai taka kara ya karya ba zai iya shiga?

Taron masu harhaɗa magunguna ne ya kai ni Kampala, sai na ƙara 'yan kwanaki don in ga Jinja. Garin yana gabas da Kampala da kimanin kilomita 80, daidai inda ruwan Tafkin Biktoriya ke fita ya zama Farin Nilu. Shi ne ke ratsa Sudan ta Kudu, ya haɗu da Shuɗin Nilu a Khartum, ya bi ta Masar ya faɗa Bahar Rum. Kakanninmu da suka yi aikin hajji da ƙafa sai da suka ƙetare shi a Sudan, kuma a cikinsa ne mahaifiyar Annabi Musa, Alaihis Salam, ta saka jaririnta. Wannan kaɗai ya isa ya ja ni zuwa bakinsa.

Shirin ba shi da wuya in an fara da wuri. Ta intanet ake neman bizar Yuganda, ta yawon buɗe ido dala 50 ce, kuma dole sai da katin rigakafin shawara, wato yalo kad. Na bi mota zuwa Kano, na hau jirgin Habasha ta Addis Ababa zuwa Entebbe. Agogonsu yana gaban namu da awa 2. Wanda zai riƙe dala ya nemi sababbin takardu masu tsabta, don tsohuwar takarda ko wadda ta yage ba kasafai ake karɓarta ba. Maganar lokaci kuma, kada mutum ya auna da kogunanmu da ke komawa yashi da rani. Damina biyu suke yi, ɗaya daga Maris zuwa Mayu, ɗaya wajen Satumba zuwa Nuwamba, amma kogin daga tafki yake sha, madatsun ruwa kuma ke sakinsa, saboda haka ana shigarsa duk shekara. Ruwan ba shi da sanyi.

Da na je yi wa mahaifiyata sallama na faɗa mata gaskiyar abin da zan yi.

"Kai ɗan nan, ruwa fa ba sa'an kwando ba ne," in ji ta.

"Inna, akwai masu ceto da ke bin mu, kuma da rigar ruwa ake shiga. Ki sa mini albarka."

"Allah Ya tsare, Ya maido ka lafiya. Ka riƙe addu'a."

Tsoronta yana kan hanya. Ruwan da muka sani a nan kwantacce ne, irin na Zobe da Jibiya da Ajiwa da Sabke, kuma ko shi yana cin rai. Iyon da na iya na irin wannan ruwa ne. Shi ya sa tun kafin in biya na aika wa kamfanin tambayoyi ta WhatsApp a kan masu ceto, da abinci, da lokacin salla. Sun amsa da sauri. Kuɗin yini guda ya haura dala 100, a ciki har da motar kai da komowa, da karin kumallo, da kayan shiga ruwa, da abincin yamma. Da safe sun ba mu takardar da ke cewa mun san akwai haɗari, tana kuma tambayar ciwon zuciya, farfaɗiya, asma da juna biyu. A karanta ta da kyau, a faɗi gaskiya.

Ana auna ƙarfin gangaren ruwa da mataki 1 zuwa 6. Na 1 ɗan motsi ne kawai, na 3 yana buƙatar gwanin matuƙi, na 5 shi ne iyakar abin da ake saka baƙi a ciki, na 6 kuwa ko ƙwararru shakkarsa suke yi. A wannan yanki na Nilu akwai daga 3 har zuwa 5, da wuraren da suka kai 6.

Abin da ya sa na ce sun ci halal shi ne horon da suka yi mana kafin mu doshi gangare ko ɗaya. A wani kwantaccen wuri jagoranmu ya tsayar da kwalekwalen, bai yi gaggawa ba. Ya duba rigar ruwan kowa da hannunsa, ya ja ta sama ta kafaɗa, wadda ta yi sako-sako ya ɗaure ta tam har numfashi ya ɗan matse. Ya gyara hular kwanon kowa. Ya nuna mana riƙon filafili, ya nanata cewa hannu ba ya barin kan mariƙin, domin yawancin haƙoran da ake rasawa a wannan wasa mariƙin filafilin abokin zama ne ke cire su, ba dutse ba. Daga nan ya sa kowa ya faɗa ruwa ɗaya bayan ɗaya, mu kuma mu ciro shi ta kafaɗun rigarsa. Sai ya kifar da kwalekwalen da gangan muna ciki, ya nuna mana cewa a ƙarƙashinsa akwai iskar shaƙa, ya koya mana yadda ake bin igiyar gefe a fito.

Dokar wanda ya faɗa cikin gangare gajera ce. Kada ya yi ƙoƙarin tsayawa da ƙafa, don ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu ruwa ya danne shi. Ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, ya shaƙi iska tsakanin igiyar ruwa da igiyar ruwa. In ruwa ya ja shi ƙasa ya dunƙule jikinsa ya ƙyale rigar ta taso da shi. Kafin kowane gangare samari ne a cikin kayak ke wucewa gaba su tsaya a ƙasa suna jira, kuma yawancinsu 'yan ƙauyukan bakin kogin ne da suka tashi a cikinsa. Ban da su akwai babban kwalekwalen ceto da ke bin hanya mafi sauƙi, duk wanda ya ji ba zai iya wani wuri ba ya koma cikinsa.

An raba mu gida biyu, masu son a kife da su da waɗanda ba sa so. Na bi na biyu. Duk da haka kogin ya yi abinsa. A wani gangare igiyar ruwa ta taso ta gefe, na ji jagora ya yi ihun mu durƙusa, kafin in kama igiya sai ga ni a ƙarƙashi ana juya ni kamar tufa a hannun mai wanki. Ban san sama ba, ban san ƙasa ba. Na dunƙule yadda aka ce, na yi salati a zuciya, rigar ta cillo ni sama. Na shaƙi iska, wata igiyar ta sake rufe ni, da na ƙara fitowa hancin kayak na gani a gabana, yaron yana nuna mini inda zan riƙe. Lokacin kaɗan ne, amma da ba a gwada mini shi a kwantaccen ruwa ba, da firgici ya sa na sha ruwa. Amsata ga mai tambaya ke nan: wanda bai ƙware a iyo ba zai iya shiga in yana iya kwantar da hankalinsa a cikin ruwa yana kuma jin magana. Wanda ruwa ya taɓa fuskarsa ya ruɗe, ya tsaya ga yawon jirgi a bakin tafki.

A wani gangare da ake kira Itanda aka sauke mu muka zagaya ta tudu, ma'aikata suka ja kwalekwalen, saboda saman wurin mataki na 6 ne. Mun tsaya a kan dutse muna kallo, ƙarar ruwan ta hana mu jin maganar juna. A gindinsa akwai wani rami na ruwa da suke kira Bad Place, jagora ya tambayi kowa ko zai shiga. Na ce a'a, na koma kwalekwalen ceto. Bai matsa mini ba, bai kuma bar kowa ya yi mini tsiya ba, kuma a wurina wannan alama ce ta mutumin da ya san aikinsa.

Akwai abin da ya kamata mai shirin tafiya ya sani game da bidiyoyin da zai gani a YouTube: da yawansu na nuna gangaren da babu su yanzu. Madatsar Owen Falls da aka kammala a 1954 ta shanye magangarar Ripon, wadda Baturen nan John Hanning Speke ya isa a 1862 ya ce nan ne mafarin Nilu. Madatsar Bujagali ta fara aiki a 2012 ta haɗiye magangarar da ake yi wa wannan suna, ta Isimba kuma a 2019 ta cinye wasu gangaren daga ƙasa. Jagoranmu ya nuna mana takaicinsa ƙarara, don abincinsa ne ke raguwa. Na tausaya masa, amma wanda ya fito daga garin da ake kwana ana jiran wuta ba zai yi saurin zargin ƙasar da ta nemi lantarki daga koginta ba. Abin da ya rage dai har yanzu yana da ƙarfi, sai dai a tambayi kamfani tsarin da yake bi a yanzu kafin a biya.

Tsakanin gangare da gangare akwai dogon kwantaccen ruwa, a nan ne rana ke yin aikinta. Jinja tana dab da layin da ya raba duniya biyu, wato ikwaita, ga ruwa na maido da haske, har mu da muka saba da zafin Afrilu gwiwoyinmu sun ji jiki. Riga mai dogon hannu da dogon wando marar nauyi sun fi, sun kuma dace da suturarmu. Mace za ta iya saka ƙaramin hijabi a ƙarƙashin hular kwano, amma ban da dogo mai jan ƙasa, don zai iya sarƙewa. Silifas ba ya dawowa. Mai tabarau ya ɗaure shi da zare. A irin wannan wuri suka yanka mana abarba a kan kwalekwale, muna kallon masunta da mikiyoyi masu farin kai suna sukuwa kan kifi.

Wajen abinci ne suka fara gazawa. Na sanar da ofishinsu tun farko cewa ni Musulmi ne, suka ce ba damuwa, amma saƙon bai kai ga masu girki ba. Da muka fito aka jera gasasshen nama da giya, na tambayi wanda ya yanka, babu mai amsa. Na ci wake da gurasarsu ta capati, na sha lemo. A cikin garin Jinja akwai masallatai da gidajen abincin Musulmi, don haka ba abu ne da ya fi ƙarfinsu ba. Salla kuwa, Azahar a tsakiyar kogi take samun mutum. Na haɗa ta da La'asar a matsayina na matafiyi, da busassun kayan da na bari a mota, kuma direban ya jira ni ba tare da ɓata rai ba. Alƙibla a can kusan arewa take, ba gabas ba, a duba waya.

Ranar kayak ce ta ɓata mini rai. Kayak ƙaramin kwalekwale ne na mutum ɗaya, ana rufe bakinsa da wata roba da ke kama ƙugu don kada ruwa ya shiga, filafilinsa kuma baki biyu ne. Tallarsu ta ce sabon shiga zai kai ga ƙananan gangare kafin yamma. Mun fara a makare, malami ɗaya da ɗalibai fiye da yadda idonsa zai iya bi, a kwantaccen ruwan da madatsar Bujagali ta tara. Robar da aka ba ni ta tsufa, ruwa na tsiyaya. Abu ɗaya na koya sosai, shi ne yadda ake fizge robar a fito in kayak ya kife. Dabarar juyo da shi da ƙugu ana ciki, wadda ita ce ginshiƙin wasan, ko fara ta ba mu yi ba, kuma malamin da kansa ya gaya mini cewa ba aikin yini ɗaya ba ce. Me ya hana a faɗi haka tun a talla? Na kai ƙorafi, suka ba ni haƙuri, suka yi mini tayin rangwame a ranar da jirgina zai riga ya tashi. Mai son kayak da gaske ya ware kwanaki, ya tambayi yawan ɗaliban da ke hannun malami guda. Mai son ɗanɗano kawai ya nemi kayak mai kujera biyu, gwani a baya yana tuƙi.

Abu na ƙarshe da kamfanin ya ambata a gurguje, alhali ya fi ƙarfin haka, shi ne tsargiya. Tana nan a Tafkin Biktoriya da Nilu kamar yadda take a madatsun ruwanmu. Ƙwayar cutar daga jikin wani ƙaramin dodon koɗi take fitowa a kwantaccen ruwa ta ratsa fata, mutum bai ji komai ba. Maganinta praziquantel ne, amma ya fi kama tsutsar bayan ta girma, saboda haka shan sa washegarin fitowa daga ruwa ba ya wadatarwa. A jira kamar mako 6 zuwa 8, a je asibiti a yi gwaji, a gaya wa likita inda aka shiga ruwa. In zazzaɓi ya zo kafin nan, kada a ɗauka cizon sauro ne kawai a tsaya ga kemis, a faɗa masa labarin kogin tun a zuwan farko.