Ɗinkakkun kayan yara ko dilar gwanjo?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaye ni wanne za ka sa jarinka a ciki don kasuwar Sallah, ɗinkakkun kayan yara ko dilar gwanjo. Tunda jarin naka ba zai ɗauki biyun ba, ka manta da dilar gwanjon nan, ka sari yadi ka ba da ɗinki. Shekara bakwai ke nan muna bin Sallah da kayan yara tsakanin Daura da Katsina, ni da mai ɗakina da ƙanena, kuma duka biyun na sa kuɗina a ciki.

Ka san me ke riƙe da wannan sana'ar? Alƙawarin tela. Mutum ya kai yadin 'ya'yansa tun goman farko, ana ta ce masa gobe, jibi, har ranar jajiberi ya je ya tarar ko yankawa ba a yi ba. Daga shagon telan nan wurinmu zai yo, yara biye da shi, ido ya yi ja. Wannan mutumin sabon kaya yake nema, wanda yaro zai sa ya je Idi a ce masa barka da Sallah. Ko kyauta ka ba shi gwanjo a ranar, ba zai karɓa a gaban 'ya'yansa ba.

Mu tun Sha'aban nake shiga Kantin Kwari in ɗauko yadi mai sauƙin kuɗi da 'yar shadda matsakaiciya, fari da ruwan madara da ruwan toka, sai atamfa turmi kaɗan don 'yan mata. Uwargida ce mai yanka. Yadi biyu take fitar da kaftani da wandon ɗan shekara biyar, turmi guda mai yadi shida kuma ya yi wa yarinya biyu riga da siket har da ɗankwali, ƙyallen da ya rage ma ba ta yarda a zubar. Teloli biyu ne a unguwarmu suke haɗa mana, kuma dole a gama kafin a ga watan azumi, don in goman ƙarshe ta kama, ko kai ka saya wa tela kekensa ba zai dube ka ba. Ƙanena shi ne mai baki. Ni in na tsaya ciniki sai in yi ta rantsuwa, shi kuwa yaron yake fara yi wa wasa, ya ɗora masa hula a ka, uban ya rasa yadda zai yi ya cire.

Akwai wata Sallar Gani, wadda ake yi nan Daura cikin Rabi'ul Awwal, da ba na mantawa. Mun baza kaya a bakin hanya, nesa kaɗan da inda dawaki ke wucewa, sai ga wata tsohuwa daga ƙauye da jikoki uku maza, kuɗinta ƙulle a bakin zane. Ba ta tambayi lamba ba. Ɗaukar kaftani take yi ta kara a bayan yaro, ta ja hannun rigar ta ga ko ya kai wuyan hannu, ta ce a ba ta wanda ya ɗan fi, zai girma a ciki. Da ta kwance ƙullin, kuɗin na biyu ne da rabi. Ƙaramin kuwa ya riga ya zura tasa a kan tsohuwar singileti, ya ƙi cirewa, jin algaita kawai ya sa ya fara tsalle. Mai ɗakina ta ce mata, "Baba, bar shi, Allah ya sa albarka." Tun daga shekarar duk Gani sai ta nemo mu, kuma ba ta zuwa ita kaɗai, da matan garinsu take tahowa.

Gwanjo yana da ranarsa, ban hana ba: lokacin hunturu rigunan sanyi na tafiya a kasuwar Lahadi irin ta Mai'adua. Ni dai sau ɗaya na sayi dila don Sallah, aka ce mini kayan yara ne zalla, lamba ɗaya. Da muka yanke igiya a tsakar gida, sama kaɗai ne na yara, ƙasa duk jibga-jibgan kwat na matan Turawa, ga shi muna cikin zafin bazara. Ashe an riga an buɗe ta an tsince na kirki an sake ɗaurewa. Ba banza sunanta ɗaya da sarkin wayo ba. Ga kuma kwastam, tunda tsofaffin tufafi na cikin kayan da doka ta hana shigowa da su.

Ba ka tambaya ba, amma a wajen yadin ma ka buɗe ido. Ka tafi da tef ɗinka. Yadi inci 36 ne, wani kuwa zai auna maka da hannu cikin sauri, sai ka zo gida ka ga kowane yadi goma ya ci rabin yadi, wandon yaro guda ke nan. Shaddar da aka buga wa tambarin Getzner aka ce maka araha ce don kai ne, kwaikwayo ce. Ba laifi ka saye ta a kuɗinta na gaskiya, amma ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a gefe, in ya ɗauki launi ka ajiye. Sannan daren jajiberi kada ka saki kaya don an nuna maka hoton tura kuɗi a waya. Tun ƙarancin takardun naira na 2023 muka koma POS, sai na ga kuɗi sun shigo nake miƙa leda.

Ka yawaita na 'yan shekara 3 zuwa 8, su ne ke ƙarewa da wuri. Na manyan yara kaɗan ya isa, su sun fara zaɓen ɗinki da kansu. Ka haɗa da huluna, don ranar hawa a Ƙofar Soro, bakin fadar Sarkin Katsina, kowa ya riga ya sa kayansa, hula ce kawai ke tafiya.

Makon farko na Sha'aban zan shiga Kano in Allah ya kai mu. In ka shirya ka yi mini magana, mu raba kuɗin mota.